Tsinken da Ya Yi Ja

Daren Talata, Sha'aban 1429, unguwar Sharafiyya

Jikata Hanan ta yi barci. Tun da likita ya ce akwai dalma a jininta nake tafasa. Na riga na yanke hukunci: laifin mai gidan da muke haya ne, da ya sa aka kankare tsohon fentin tagogi aka bar mana ƙura kamar an tankaɗe gari. Jiya a matakala na wanke shi tas, har da karatun illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro.

Yau uwarta Asma'u ta kawo tsinkayen gwaji daga asibitin da take aiki. In tsinke ya taɓa dalma, audugar kansa ja take yi. Muka goga a bakin taga, ƙasan ɗaki, bayan ƙofa. Ko ɗaya bai canja ba.

"Halas, shi ke nan, Umma, saura ɗaya," in ji ta. Sannan ta ce, "Ba ni tandunki."

Na ce, "Ke, da kwallin nan na raine ki, ga ki nan har kin zama nas."

Ta tsoma. Ja jawur.

Kullum da safe ni nake ɗora yarinyar a cinya in rambaɗa mata. Asma'u ta tattara tsinkayenta kawai ta shige ɗaki. Da ma faɗa ta yi mini.

Na zubar da kwallin, za a sake auna jinin. Sai dai yau na rasa wanda zan yi fushi da shi, kuma ban saba kwana haka ba.