Mayafin da Ban Ɗaga Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinki na maƙabartar Ma'ala, a Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima. Mata ba sa shiga maƙabarta a nan, shi ya sa na ɗauko takarda. Baba yana nan lafiya, sai idanunsa da suka ƙara hazo. Yaya Sale yana ta ɗibar ruwa a gidajen Larabawa, kafaɗarsa har ta yi kanta. Akuyar da kika bar mini ta haihu sau ɗaya bayanki, amma ɗan bai zauna ba.

Inna, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Romon da kika sha kwana huɗu kafin ki rasu, wanda kika sa mini albarka a kansa, na dabbar da aka harba a cikin Harami ne. Na sani tun a ranar. Ni kaɗai na sani.

Kin fi ni sanin yadda muke farauta, amma bari in faɗa daga farko. In na tsallake wani wuri, zan sami inda zan ɓuya.

Baba maharbi ne tun a duwatsun Ningi, ƙasar da ban taɓa gani ba. Kun yi shekara shida a hanya kafin ku iso Makka. Ya sayar da komai a Sudan, amma bai sayar da bakansa ba. Sai ga shi a garin da ba a jifar ko tattabara. Don haka duk lokacin da aka yi ruwan sama, mukan fita daga unguwarmu ta Misfala da jaki bayan sallar asuba, mu bi hanyar Yaman har mu wuce iyaka, inda akuyoyin dutse, waɗanda Larabawa ke kira wa'al, suke saukowa shan ruwa.

Iyakar Harami a can ba bango ba ce. Tarin duwatsu ne guda biyu, ɗaya a kan wannan tsauni, ɗaya a kan wancan, sai mutum ya ja layi tsakaninsu da idonsa. Wanda ke ƙasa a kwazazzabo ba ya ganinsu duka biyun. Shi ya sa aikinki ne ki hau falalen dutsen da ke sama, ki zauna da farin mayafinki a cinya. Yaya Sale ya zagaya ya koro dabba, Baba ya laɓe da baka. In dabbar ta tsallaka cikin Harami, ki ɗaga mayafi, Baba ya sauke hannu.

Sau uku na ga kin ɗaga shi. Akwai ranar da muka dawo ba komai sai itace a bayan jaki, Yaya Sale yana ta ƙunƙuni. Baba ya ce, "Yau ma uwarku ta tsaya wa baƙuwar Allah." Kika ce, "Sarkin Baka, in yunwa ce ta dame ka, akwai ƙanzo a gida." Muka yi ta dariya har jakin ya tsaya yana kallonmu.

A ranar ce kika riƙe kunnena a hankali, kika ce, "Auta, shi ba ya gani daga can. In kin yi shiru, ke kika harba."

Sai shekarar nan ta zo, da alhazai suka yi ƙaranci saboda yaƙin Turawa. Gyaɗarki ta daina sayuwa a bakin kasuwa, tari kuma ya kwantar da ke. Na dama kunu kika ƙi, na jiƙa gurasa kika kau da kai. Wata rana da hantsi kika ce, "Da zan sami romon naman daji, irin na gida." Ba da kowa kike ba, rufin ɗaki kike kallo. Amma Baba ya ji daga tsakar gida. Ya miƙe ya sauko da bakan daga inda yake rataye.

Washegari da asuba muka bar ki da maƙwabciyarmu Iya Falmata. Kika zaro mayafin daga ƙarƙashin matashinki kika miƙo mini. Shekarata goma sha uku, kuma ranar ce ta farko da zan hau dutsen ni kaɗai.

Na zauna tun hantsi har rana ta kusa tsakiya, dutsen ya fara ƙona mini ƙafa. Ba komai sai ƙadangaru. Na fara tunanin yadda za mu shigo gida hannu wofi, ki ɗago kai ki dube mu, ki ce ba komai. Kullum haka kike cewa.

Sai na ji fiton Yaya Sale.

Bunsurun dutse ne, babba, da ƙaho ya lanƙwasa har gadon bayansa, da gemu kamar na dattijo. Ya sauko a hankali ya tsaya a wajen iyaka, inda ya halatta, amma wani dutse ya kare shi daga Baba. Ya shaƙi iska. Sai ya taka, ya taka, ya wuce layin, ya nufi wani kwarmi mai ruwa. Taku goma ko fiye a cikin Harami. Na dubi tarin dama, na dubi tarin hagu. Ban yi kokwanto ba, Inna. Da na yi kokwanto da na sami abin faɗa miki.

Baba ya ɗago kai ya dube ni. Mayafin yana cinyata. Na tuna wuyan hannunki da ya zama kamar kara. Na danne mayafin da hannu biyu.

Sai na ji tsarkiya ta yi ƙara.

Da kibiyar ta same shi, ya zabura ya komo ta inda ya fito, ya faɗi a wajen iyaka. Nan Yaya Sale ya tarar da shi, shi ya sa babu wanda ya yi zargin komai. Baba ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bismilla, ya yanka. Da na sauko, ya dafa kaina ya ce, "Auta ta gaji idon uwarta." Ban ce komai ba. Kowa ya saba ba na cewa komai.

Ni na dafa romon da hannuna. Na sa citta da kanumfari da ɗan barkono, da ragowar daddawar da wata hajiya 'yar Zazzau ta ba ki. Kika sha rabin kwano, gumi ya karyo miki, kika jingina da bango kina lumshe ido. Rabon da in ga fuskarki haka an yi wata biyu. Kika ce, "Kin zauna a dutsena?" Na ce e. Kika ce, "Kin ga tarin duka biyu?" Na ce e. Kika daɗe kina kallona, sannan kika ce, "Allah ya yi miki albarka, ya binti, 'yata."

Ba ki yi tambaya ta uku ba. Har yau ban sani ba, ko yarda ce kika yi da ni, ko kuwa kin gane ne kika rufa mini asiri.

Na san laifi ne, amma ban san girmansa ba sai bara, kafin in gama makarantar malamarmu Faƙiha. Wata yarinya 'yar ƙasar Jawa ta ce wansu ya jefi tattabara ta mutu, ko za a ci? Faƙiha ta ce abin da aka farauta a Harami mushe ne, ko an yanka shi. Allona ya suɓuce ya faɗi. Yara suka yi dariya, suka ce Maimuna tana gyangyaɗi. Ni kuwa abin da nake ji a kunnena shi ne, abincin ƙarshe da uwata ta ci da daɗi, mushe na ba ta.

Na yi niyyar in gyara a ɓoye. Na ce zan ja akuyarki in ba wani miskini, in ce ta ɓata. Amma Faƙiha ta ƙara da cewa fansa tana kan wanda ya harba ne, ko bai sani ba, kuma sai adilai biyu sun zauna sun yanke abin da zai bayar. Ashe babu hanyar da za ta kauce wa Baba.

Kin san ƙahon yana rataye a saman ƙofarmu? Duk wanda ya zo gaisuwa daga gida sai Baba ya nuna masa, ya ce, "Wannan ne na ƙarshe da mai ɗakina ta ci." Sannan ya ce, "Shekara goma sha takwas ina maƙwabtaka da Ɗakin Allah, ko fara ban taɓa kashewa a Harami ba." Sai ya kira ni in kawo shayi. In kawo kofuna a faranti, kaina a ƙasa. Baƙin su ce, "Masha Allah, yarinya mai kunya." Inna, wannan yabon ya fi mini zagi zafi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ba ni kunya. In na tuna gumin nan a goshinki, da yadda kika lashe ludayi, sai in rasa ko da za a mai da ni kan dutsen zan ɗaga mayafin. Ina istigfari, amma wani gefe na zuciyata ya ƙi yin nadama. Ban san yadda ake tuba da rabin zuciya ba. Da kina nan da ke zan tambaya.

An yi ruwa ranar Juma'a, har ya gangaro ta Misfala ya shiga gidan Iya Falmata. Jiya Baba ya buɗe akwatinki ya fito da mayafin. Ya ce ranar Alhamis za mu fita. Ya ce, "Wataƙila ta ƙarshe ce, Auta, idona ya kusa ƙarewa. Naki zan ara." Ya ɗora mini shi a hannu. Har yanzu yana ƙanshin turarenki.

Ba duka nake tsoro ba, kin san bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Shirunsa nake tsoro. Ina tsoron in ga tsohon nan, da ya taka daga Ningi zuwa nan da ƙafarsa, ya durƙusa gaban malamai biyu yana cewa ya yi kisa a Harami. Ina tsoron ranar da zai sa Yaya Sale ya sauko da ƙahon. Ina tsoron kada ya sake ɗago kai ya nemi idona a ko'ina.

Amma ba zan hau dutsenki ranar Alhamis yana tsammanin abin da ba shi ba. Gobe bayan la'asar, lokacin da yake zama yana gyaran kibau, zan durƙusa in ajiye mayafin a gabansa. Na wanke akuyarki, na saka mata sabuwar igiya, ko malamai za su ce ta isa. In muryata ta ƙi fita, kamar yadda ta saba, zan karanta masa wannan takardar. Shi ya koya mini ajami, zai gane in na yi tuntuɓe.

Ki yafe mini, Innata. Ke ba ki san abin da ke cikin kwanon ba, kuma ina roƙon Allah kada ya tambaye ki. Allah ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke abin da ya fi romon gida daɗi. Allah ya sanyaya zuciyar Baba kafin maganar ta isa gare shi. Ni kuma ya buɗe mini baki gobe, ko sau ɗaya ne.

'Yarki mai kewarki,
Maimuna, Autarki.