Honorabul Ya Sa Fuskar Goggona a Bidiyo, Kuma Ba Ta da Iƙama

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah shawararku nake nema, lamarin kuma ba mai jira ba ne.

Ni mace ce, na yi shekaru ina gabatar da shiri a wani gidan rediyo a gida. Yanzu ina zaune a unguwar Shisha a Makka, ina aikin tafinta a wani kamfani da ke ciyar da alhazai da kwashe shara a Arfa, su ne kafilina, wato takardar zamana a ƙasar nan a hannunsu take. Ina da goggo a unguwar Tandabawi, nan Makka, ƙanwar mahaifina, ta zo aikin Hajji tun ina ƙarama ba ta koma ba, kuma ba ta da takarda ko ɗaya. Sana'arta ita da maƙwabtanta su tattaro ragowar burodi da shinkafa daga bayan gidajen abinci, su shanya a saman bene, in ya bushe su ɗura a buhu su sayar wa masu kiwon tumaki. Da wannan ta raini 'ya'yanta.

Mutumin da zan yi magana a kansa, bari in kira shi Honorabul. Da ƙungiyar dashen itatuwa ya fara, ya zama kansila, ya zama ɗan majalisar jiha, kullum da koriyar hula, kullum yana yaƙi da leda a baki. Na sha yin hira da shi, kuma na yarda da shi a lokacin. Sai bayan ya faɗi zaɓe tsofaffin yaransa suka fara faɗin yadda ake yi: a dasa itacen da ledarsa, masu kyamara na tafiya a tuge shi, gobe a kai wani gari a sake dasawa. Na ɗauka labarinsa ya ƙare, sai ga shi bana a ofishinmu da kwat, wai kwansoltan ne na kare muhalli, kamfani ya ɗauko shi ya nuna wa duniya ba ma almubazzaranci da abinci.

Aikin da na ga ya yi a Arfa shi ne, ya jera kwandunan shara masu launi, kore da shuɗi da rawaya, da yamma mota ɗaya ta zo ta juye su duka a cikinta. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce, “Ƙanwata, launi mutane suke gani, wa zai bi mota?” Daga nan ya je ƙarƙashin darbejiyar Arfa ya dafa reshe aka ɗauke shi hoto, kai ka ce shi ya shuka ta.

Bayan an sauko daga aikin Hajji ya ce yana marmarin tuwo da miyar kuka, na kai shi gidan Goggo, don ta daɗe tana jin sunansa wajen mutanen garinmu. Ya ci ya ƙoshi, ya hau sama shan iska, ya ga shanya. Nan take ya zaro waya yana ɗauka, yana ta “Masha Allah Hajiya, ɗaga buhun, kalle ni.” Na zaci na tarihi ne.

Shekaranjiya ya kira ni ya kunna min bidiyo, ya ce in ɗora muryata a kai da Hausa, za a nuna a wani taro a kuma sa a shafukan kamfani. Abin da zan karanta shi ne wai shi ya ƙirƙiro shirin shanyar, kamfani ya horar da matan nan ceton abinci. Ga fuskar Goggo tar, ga ƙofar gidan, ga lungun, duk wanda ya san unguwar zai kai kansa ba tambaya. Na ce masa matar nan ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, wannan bidiyon hanyar tarhil ce, a kama ta a mayar da ita gida. Ya ce ba mai kallon irin wannan sai 'yan taro. Na ce to a rufe fuskokin, ya ce rufaffiyar fuska ta masu laifi ce, shi labarin nasara yake sayarwa. Da na dage sai ya ce, “To ko an mayar da ita ma ai hutu ne, shekarunta sun ja.” Matar da ya ci tuwonta har da ƙari. A nan aka binne mijinta, a nan jikokinta suke, a gida ko ɗakin kwana ba ta da shi. Wallahi tun da na fito daga ofishin nan ko koren abu ba na son gani.

Ga inda na tsaya. In na ƙi karantawa, ya riga ya gaya min masu murya sun yi yawa a Makka, bidiyon zai fita ba da ni ba. In na kai ƙara wajen manajanmu, da bakina zan gaya wa kafilina ina da 'yar uwa mara takarda da kuma inda take. In na tona shi a fili, na jawo wa bidiyon idon da nake gudu. In na ce zan karanta da sharaɗin a rufe fuska, alkawarin mutumin da ke tuge itace bayan hoto zan riƙe.

Na je na yi wa Goggo bayani dalla-dalla, na ce ta koma wajen 'yarta na ɗan lokaci. Ta ce, “Ke 'yar nan, kin faye tsoro. Wa zai bar manyan ɓarayi ya kama tsohuwa kan busasshen burodi? Kuma wa zai juya min shanya?” Har ta aika wa mutanen gida cewa Honorabul da kansa ya zo ɗakinta.

Jama'a, ya zan yi in cire fuskar matar nan daga wayarsa ba tare da na nuna ta da yatsa ba? In karanta in ci gaba da roƙonsa, ko in je wajen manaja in ɗauki kasadar? Ku taimaka da wuri, don ɗazu ta bugo min, wai ya ce zai dawo ya ƙara ɗauka, in taho mata da shuɗin mayafina, bidiyon farko ya kama ta da tsumman aiki.