Sunan da Bakina Ya Ƙi Furtawa

Assalamu alaikum, Inna.

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Mu nan lafiya lau, in ban da sanyi da jikokinki. Wayar hannu ta iso har ƙauyenmu yanzu, amma babu wadda za ta kai inda kike, shi ya sa na ɗauki biro. Ƙara na kawo miki, kuma ƙarar mai sunanki ce.

Ummi da kika bari a goye, yanzu shekararta bakwai. Bara warhaka limoniya ta kwantar da ita a asibiti, don ajinsu ba taga ba ƙofa, a kan siminti suke zama, ga iskar kanal ɗin ban ruwa tana kaɗawa tun da sassafe. Da sanyin bana ya kama na ce babu inda za ta, ni zan koyar da ita a gida tare da ƙaninta Sadiƙu, tunda kin tsaya min na yi firamare. Hedimasta ya yarda, amma da sharaɗi: ranar da ta koma zai gwada ta, kuma abu na farko ta rubuta sunanta yadda yake a rajista. In ta kasa, aji ɗaya za ta koma. Babanta kuwa ya ce in aka mayar da ita baya, to boko ya ƙare, Islamiyya ta ishe ta. Kin san surukin naki, ba ya magana biyu.

Wallahi, Inna, ashe raina malamai nake yi ban sani ba. Kafin in hura gawayi a kasko, in shafe su da man kaɗanya, in nemo safar da kullum ƙafa ɗaya ce ke ɓata, hantsi ya yi. An zauna ɗin kuma, wannan ya ce fitsari, waccan ta ce kununta ya huce. Sadiƙu ya cinye min alli biyu. Ga tumatir na yanka na shanya, kaji sun mayar da shi nasu, ga abincin masu ban ruwa da za a kai gona kafin azahar. Ina nuna baƙi da hannu ɗaya, ina jifan kaza da ɗayan.

Ran nan littafi ya ƙare, na samo sabon allo na rubuta musu baƙaƙen boko da tawada, ɗaya bayan ɗaya, har wuyana ya ƙage. Na leƙa madafa na dawo, sai na tarar Iya, kakarsu ta wajen uba, ta wanke allon tas a ƙwarya ta ba su sun shanye, wai don karatun ya zauna. Haba jama'a! Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ga surukuta, ba damar magana. Babu abin da ya zauna sai baƙin leɓe.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar fitinar ita ce sunan. A rajista ba Ummi aka rubuta ba, sunanki na yanka aka rubuta, ni kuma tun da na zo duniya bai taɓa fitowa daga bakina ba. Babanta ma ba zai kama sunan suruka ba. To ta yaya ake koya wa yaro kalmar da ba a faɗa?

Dabara na yi. Na rubuta mata shi na ce ta kwafa, bakina a rufe. Ta kwafa kamar mai zanen lalle, washegari ta manta, don ba ta san me yake cewa ba. Na ce Iya ta faɗa mata, Iya ta faɗa. Yarinyar nan ta murguɗa baki ta ce ita sunanta Ummi, wancan ba nata ba ne, in nata ne me ya sa Mama ba ta taɓa kiranta da shi ba. Sati uku muna wannan dambe. Taurin kan nan na san inda ta samo shi, Inna, kada ma ki ce ba ke ba ce. Ga shi ba na iya ɗaga mata hannu, ina ɗagawa sai in ga kamar ke zan doka.

Na tuna yadda kike ce min, "Ke dai saurin fushi, Binta, kamar wadda aka biyo." Na tuna ki zaune a bakin murhu kina juya littafina a kife, kina cewa in karanta miki inda na tsaya. Ba ki san ko baƙi ɗaya ba, amma ba a taɓa cire ni daga makaranta kina raye ba. Ni da na sani kuma, kunya za ta sa a cire tawa.

Jiya da safe na tura Sadiƙu ɗakin Iya, na ja ƙofa, na zaunar da Ummi kusa da kasko. Gaɓa uku ne kacal, amma sai da na yi bisimilla. Na faɗa. Muryata ta karye a ta biyu, na sake. Ta kalle ni tana mamakin me ya sa Mama kuka. Ta maimaita, ta ɗauki gawayi, ta rubuta shi a bango ba ta kalli allo ba. Ki yafe min, Inna, na kama sunanki, har sau bakwai.

Da babanta ya dawo daga gona, ƙafa duk taɓo, ya tsaya a gaban bangon ya daɗe. Ya yi miki addu'a, sannan ya ce in wanke mata kayan makaranta, ko aji nawa aka sa ta za ta ci gaba. Bangon kuwa Iya ta zo da tsumma, na ce wannan kam ba mai wanke shi.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya raya mai sunanki, ya rage mata taurin kai ko da kaɗan ne, ni kuma ya ƙara min haƙuri kafin sanyin nan ya wuce.

Taki har kullum,
Binta

Ba ki taɓa ganin sunanki a takarda ba. Ni dai hannuna har yanzu nauyi yake yi, don haka na miƙa wa Ummi biron:

HABIBA