Jan Takalmin da Ba a Taka Ba

Ni Leontiyos baduku, na birnin Tasalonika, da hankalina garau nake faɗin wannan. Limamin cocinmu ke rubutawa, don ban san baƙi ba. Wanda ya ce na ruɗe, ya zo ya faɗa a gabana.

Na ɗaya. Rumfa da basillata na Markelos ne, ɗana na fari. Ɗinkinsa bai kai nawa ba, amma ba ya ha'inci a fata.

Na biyu. Zarurrukan awo takwas da ke cikin akwati, Sofroniya matata, ke za ki riƙe. Awon ƙafar ƙaramin sarki ne, wanda nake ɗinka wa takalma. Yana shekara uku aka naɗa shi tare da ubansa, kambi na sauko masa har gira. Duk wata shida nakan durƙusa in auna shi, in ƙulla zaren. Manya na faɗuwa gabansa, shi kuwa dariya yake, don tafin ƙafarsa ba ya jure taɓi. Bai cika takwas ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Ko kirana jana'iza ba su yi ba. Ban yafe ba.

Na uku. Jan takalminsa na ƙarshe, mai mikiyar zinariya. Na ƙara masa faɗin yatsa saboda girma, bai zo ya cike wurin ba. Kun san in ba sarki ba, mai sa ja a ƙafa idanunsa ake cirewa. Duk da haka, Fokas, autana, ka zura wa ɗanka shi a tsakar gida kuna shewa, maƙwabta na leƙe. Na kore ka, yau shekara tara. Ban ce na yi kuskure ba. Liman, rubuta haka.

Amma fata ba ta son zaman akwati, ta fara tsagewa. Markelos, ka warware mikiyar, ka rina takalmin baƙi. Ba a taɓa gane aikina in na rufe shi, kai ma ka yi haka. A kai wa Zinoviya, 'yar Fokas. Zai yi mata daidai. Na auna sawunta a laka bakin rijiya, ranar da ta wuce ni ba ta san ko ni wane ne ba.

Fokas, ka zo ka ɗauki gawata ta wajen kai. Kowace Lahadi ku ci gurasa a tire ɗaya, ko kuna fushi. Allah ya yi muku albarka, ya raya muku yaranku har takalma su yi musu kaɗan.