Faranti Shida

Innata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ya Baba da Auta?

Inna, albishirinki! Na gano gidan Gwaggo, ƙanwar Baba! Ashe wata takwas ina wucewa ta ƙofarta a bas in na taso daga gidan wanki. Ranar hutuna na je. Tana buɗe ƙofa ta ce, "Wannan goshin namu ne, shigo!" Muka kwashi jikokinta zuwa bakin tafki, na yi ta tura su a lilo, na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Yanzu ta ce ranar Lahadi za su zo ganin ɗakina, su shida. To, gara ki ji daga bakina kafin ta buga miki waya: falon nan da nake ba ki labari, gefen gadona ne. Kada ki damu, ɗakin akwai ɗumi, tsagewar hannun ma ta yi sauƙi.

Ki sa mini albarka. Yau na sayo faranti shida, Inna. Tun zuwana ɗaya nake wankewa.

'Yarki mai kewarki