Tuwon Sakkwato da Ban Ci Ba

Dakko, ta Bakura,
Litinin.

Zuwa ga Yayata Taibatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da mutanen Maradun. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Bayan haka, Yaya, jiya a Sakkwato, hannuna cikin kwanon tuwo, na gane wanda ya kashe mini mijina Sanusi.

Kin san Ayuba, aminin marigayin, wanda masu madatsar ruwa suka ba babur ya riƙa zagaya ƙauyuka yana sanarwa kafin a saki ruwa. Da na fita takaba, shi da matarsa Gimbiya suka ce in bi su birni Asabar da Lahadi in ɗan sake. Sun kai ni Hubbare na yi wa Sanusi addu'a, mun zaga kasuwa, Gimbiya ta saya mini atamfa, har hoto aka ɗauke mu. Wallahi na yi dariya, ina ta sa musu albarka.

Sai Ayuba ya kai mu wurin wata mai abinci, aka zubo tuwon shinkafa da kifi. Matar ta fito tana yi masa tsiya, wai ya guje ta tun Asabar ɗin da ruwa ya ci mutum da jakinsa a Dakko. Ta ce ranar a bencin nan ya wuni da abokansa, babur jingine a ƙofa, har labari ya iso ya zabura bai wanke hannu ba. Ba ta san ko ni wace ce ba.

Ayuba bai ɗago kai ba har muka tashi.

Yaya, mutumin nan ya rantse gaban surukina cewa ya yi sanarwa, Sanusi ne ya yi taurin kai ya shiga gulbi da jakinsa ɗauke da albasa. Shi ya kama makara. Ni kuwa na yi ta jin haushin mijina yana kwance a kabari.

Kada ki ce in bar wa Allah. So nake Ayuba ya tsaya inda ya rantse, gaban dattawa, matar nan ta maimaita, ya rasa gidan da zai yi sallama a amsa masa a ƙasar Bakura. Ki roƙar mini Malam ya raka ni mu ɗauko ta.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata. Surukina ma bai sani ba tukuna, kuma ban tambayi sunan matar ba.

Taki ƙanwa,
Nagode