Dam Ɗin Da Ya Cinye Gidan Hawa

Zogbeli, Tamale

Yaya Salifu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali duka. Yaya ƙafar taka? Mu nan da sauƙi.

Ƙanwarmu Hawa ta dawo daga kudu ranar Laraba, ita kaɗai. Dam ɗin kamfanin zinariya da ke saman garinsu ya fashe da hantsi, ruwa da laka suka share zango, unguwar da suke zaune. Mijinta Idrisu da 'yarsu Zainabu sun rasu. Ita tana kasuwa, shi ya sa ta tsira.

Abin da ke ƙona mini rai, Yaya, tun bara Idrisu da abokan aikinsa suka nuna wa manaja inda bangon ya tsage. Ya ce musu, "Ku leburori ne, ba injiniyoyi ba." Gidan manajan kuwa yana kan tudu. Yanzu wai ikon Allah ne. Hawa ta ce, "Allah ne ya hana shi gyarawa?" An ce mun sami 'yancin kai, amma har yau ba wanda ya tuhumi manajan.

Ka gaida kowa. Ku sa mamatan cikin addu'a, ku sa Hawa ma, don ko gawarsu ba ta samu ta yi musu sutura ba.

Ƙaninka,
Yakubu